Maigida na son mu hau Malham Cove da yara uku, ni kuwa kogo ne ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku: babbar tana da shekara shida, mai bi mata namiji ne ɗan shekara uku da rabi, sai auta 'yar wata goma da nake goyo. Muna zaune a wani birni a arewacin Ingila, kuma yaran nan ba su san wani wurin fita ba bayan filin wasan unguwa. Hutun makaranta ya matso, sai maigidana ya ɗaura aniyar kai mu gandun ƙasa na Yorkshire Dales, wani ƙauye da ake kira Malham, mu yi kwana biyu. Abokan aikinsa ne suka nuna masa hotuna, tun daga ranar ba shi da zance sai wannan. Ya tsara cewa ranar farko za mu zagaya a ƙafa: magangarar ruwa ta Janet's Foss, daga nan kwazazzabon Gordale Scar, sannan mu ɓullo ta saman Malham Cove, wata doguwar katangar dutse, mu sauko ta matakala. Washegari kuma mu shiga kogo. Ni hawan bai dame ni ba, don a hoto na ga saman a shimfiɗe yake. Kogon ne matsalata. Da na rufe ido sai in ga duhu, in ga ruwa ya taso, in ga ɗana ya kuɓuce daga hannuna. Na ce masa mu yi zagayen mu bar kogon, ya ce tsorona ne zai mai da yaran matsorata. Maganar ta yi mini zafi, na mayar masa da wadda ta fi ta. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba na son in kashe masa gwiwa, don mutum ne da ba kasafai yake samun hutu ba, amma kuma ba na son in bi shi ido rufe. Ki ba ni shawara.

Wata uwa mai damuwa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana yaran, ya yi musu albarka.

Zan fara da abin da ke da maigida duk ba za ku so ji ba. Kin ajiye tsoronki a inda bai kamata ba, shi kuma ya ajiye ƙarfin halinsa a inda bai kamata ba. Kogon da ya hana ki barci yana cikin wurare mafi sauƙi a tsarin nan gaba ɗaya. Saman dutsen da kika gani a shimfiɗe cikin hoto, wanda kika amince da shi ba gardama, shi ne wurin da ni ba zan kai yaro ɗan shekara uku da rabi ba, balle da goyo a baya.

Sai kin san irin dutsen kafin maganar ta zauna miki. Yankin Malham dutsen farar ƙasa ne. Fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce wurin ƙasan wani teku ne mai ɗumi marar zurfi, ɓawon ƙananan halittun ruwa da murjani suka yi ta taruwa har suka daskare suka zama dutse. Ruwan sama kuwa yana da ɗan tsami, saboda iskar kabon da yake kwasowa a sama da kuma cikin ƙasa, kuma wannan ɗan tsamin ya isa ya riƙa narkar da irin wannan dutsen a hankali. Duk inda ruwa ya samu 'yar tsaga sai ya bi ta, ya faɗaɗa ta, ya zurfafa ta. A ƙarƙashin ƙasa aikin nan ne ya haifar da koguna. A sama kuma shi ne ya mai da shimfiɗar dutsen abin da take a yau.

Ki kawo a ranki laka da ta bushe ta tsattsage a ƙasan tafki, sai dai a nan kowane ɓangare dutse ne da mutum zai tsaya a kai, tsagogin da ke tsakaninsu kuma ba na wasa ba ne. Wata faɗinta tafin hannu, wata za ta haɗiye ƙafar babban mutum har cinya, wata zurfinta ya kai ƙugu. Daga nesa, ko a hoton da aka ɗauka a tsaye, ba a ganin su sosai, shi ya sa kika ga fili. In kin isa wurin, kowane taku sai kin zaɓi inda za ki sa ƙafa. Takalman masu yawo sun goge saman duwatsun har suna sheƙi, in aka yi ko yayyafi ne sai su yi santsi, wasu ma suna ɗan motsi in an taka gefensu. A ƙarshen wannan shimfiɗa akwai bakin dutse da ya sauka kusan mita 80 a miƙe, babu shinge, babu ƙarfen riƙewa.

To ki dubi ɗanki. Takunsa gajere ne, tsagar da babansa zai ƙetare bai ma lura ba, shi sai ya yi tsalle. Ƙafarsa ƙarama ce, za ta shige inda ta babba ba za ta shiga ba. Kuma yaro a wannan shekarun idonsa yana kan inda yake son zuwa, ba ya kallon inda yake takawa. In ƙafa ta zurma cikin tsaga jiki kuma ya ci gaba da tafiya, abin da ke biyo baya targaɗe ne ko karaya. Wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa, tun ba a zo maganar bakin dutsen ba.

Akwai kuma wani abu a tsarin maigida da nake zaton bai lura da shi ba, don a taswira ba ya fitowa. Zagayen nan kilomita 7 zuwa 8 ne, kuma yadda ya jera shi, za ku iso saman dutsen ne bayan kun riga kun ci mafi yawan tafiyar. Wato wurin da ya fi buƙatar natsuwa za ku same shi a lokacin da yaron ya gaji yana neman a ɗauke shi, babbar ta fara ƙorafi, autar ta farka tana neman nono. Bayan kun ƙetare shimfiɗar kuma sai matakala wajen 400, na dutse, ba su daidaita ba, wata doguwa wata gajera, kuma saukowa za ku yi, wadda ta fi hawa wuya ga gwiwa da ga mai goyo. Ku lissafa hannuwa. Wanda ke ɗauke da jaririya yana buƙatar hannuwansa biyu a sake don daidaita jikinsa, goyo yana canja wa mutum ma'aunin tsayuwa. Saura babba ɗaya da yara biyu, a wurin da kowannensu ke buƙatar a riƙe shi, shi kansa babban kuma yana kallon ƙafarsa. Lissafin bai fita ba. Ko da yaran jarumai ne, hannuwan ba su kai ba.

Wannan ba ya nufin a fasa tafiyar. Ina goyon bayan maigida ɗari bisa ɗari a kan a je. Yaran da ba su san komai ba sai filin wasan unguwa suna da haƙƙin su ga dutsen da ya fi duk wani gini da suka taɓa gani tsawo, su ga ruwa yana fitowa daga ƙarƙashinsa. Abin da za a canja shi ne ta ina za a tunkari wurin.

Ku je gindin Malham Cove ta ƙasa. Daga ƙauyen kamar kilomita ɗaya ne. Farkon hanyar titin mota ne siriri mai ɗan hawa, babu gefen masu tafiya a ƙafa a wasu wuraren, nan ki riƙe hannun yaron sosai. Daga nan za ku shiga wata ƙofa zuwa hanyar tsakuwa mai kyau da ta bi ta cikin makiyaya ta gangara gefen rafi, keken tura jariri mai ƙwarin taya zai yi mafi yawanta, sai can kusa da ƙarshe duwatsu za su tsayar da shi. Tun daga nesa za ku hango katangar dutsen, fara, a lanƙwashe, faɗinta kusan mita 300, tana ƙara girma kuna matsowa har sai kun ɗaga kai sosai kafin ku ga samanta. A gindinta rafin yake fitowa shiru daga ƙarƙashin dutse, ba rami a fili, ba ƙara, ruwa ne kawai garai-garai yana malalowa a kan tsakuwa. Ɗan shekara uku zai iya yin awa guda a nan yana jefa tsakuwa cikin ruwa bai nemi komai ba. In kun yi sa'a za ku ga masu hawan dutse rataye da igiya a jikin katangar, kuma daga bazara zuwa farkon lokacin zafi akwai wani irin shaho da ke sheƙa a can sama, wanda in ya kifo kan abin farautarsa gudunsa yakan wuce kilomita 300 a awa. Ku tafi da madubin hangen nesa in kuna da shi. Kada dai ku zauna daf da jikin katangar, ƙananan duwatsu kan faɗo daga sama.

Babbar kuma ta kai a ba ta labarin wurin. Ku gaya mata cewa fiye da shekara 12,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙarar da ta rufe ƙasar take narkewa, wani babban ruwa ne ke zubowa daga saman nan, shi ya sassaƙa lanƙwasar. Yau saman a bushe yake saboda ruwan ya samu hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Amma ranar 6 ga Disamba 2015, da guguwar da aka sa wa suna Desmond ta kawo ruwa mai yawan gaske, hanyoyin ƙasan suka cika, ruwa ya sake zubowa daga sama na ɗan lokaci, abin da babu wani mai rai da ya taɓa gani kafin ranar. Akwai hotunan a intanet, ku nuna mata kafin ku tafi, za ta tsaya a gindin dutsen tana auna abin da idonta.

Tun da muna maganar ruwa, ga wani abu da zai amfane ki. Can sama akwai tafki mai suna Malham Tarn. Rafin da ke fita daga cikinsa yana ɗan tafiya sai ya nutse cikin ƙasa, kuma kowa zai ɗauka shi ne yake ɓullowa a gindin katangar. Tun a ƙarni na 19 aka gwada aka gano ba haka ba ne: ruwan tafkin yana fitowa ne a wani wuri da ake kira Aire Head, kudu da ƙauyen, na gindin katangar kuma daga wani wurin daban yake. Abin da ya shafe ki a nan shi ne, a ƙasar dutsen farar ƙasa ruwa yana gudu ne ta buɗaɗɗun hanyoyi, ba ya ratsa yashi balle ya tace. Duk abin da ya kwaso a makiyayar tumaki da shanu a sama, da shi yake fitowa a ƙasa, komai haskensa. Kada yaro ya sha, kuma a wanke hannu kafin a ci wani abu.

Janet's Foss ku ware mata lokacinta daban, da yamma bayan an huta ko washegari da safe. Kamar mil ɗaya ce daga ƙauyen, hanyar ta bi ta gonaki sannan ta shiga wani ɗan kurmi inda saiwoyi da duwatsu suka yi yawa, don haka keken jariri ya zauna a mota. Magangarar ba ta da tsawo, ruwan yana zubowa ne a kan wani dutse mai laushi da ruwan da kansa ya gina, yana ajiye farar ƙasar da ya narkar a kan gansakuka. A da manoman yankin a tafkin gindinta suke wanke tumaki. Ruwan akwai sanyi sosai kuma yana zurfi ta wajen magangarar, a tsaya a baki-baki. Gordale Scar tana gaba kaɗan. In ƙafafu sun yarda ku shiga har inda kwazazzabon ya buɗe muku, ku ga katangun da suka kai wajen mita 100 suna sunkuyowa ta sama, ku juyo. Hanyar da ta ci gaba daga nan hawa ce da hannu da ƙafa ta jikin magangarar ruwa, ba ta iyali ba ce.

Shi kuma maigida kada a hana shi samansa. Mutumin da ya yi makonni yana kallon hoton wuri, in kika kawo shi gindinsa kika ce kada ya hau, zai dawo gida da abin a ransa, ke ma za ki ji a jikinki. Matakalar tana nan gefen hagu in kuna fuskantar katangar. Ya hau, ke ki zauna bakin rafi da ƙananan biyu. Babbar fa? Ke da shi kuka san ta. In yarinya ce da in an ce tsaya take tsayawa nan take, kuma ranar a bushe take ba iska, babba ɗaya da yaro ɗaya lissafi ne da ya fita: su hau da safe da sauran ƙarfinta, hannunta cikin nasa, su tsaya can baya nesa da baki, su leƙa cikin tsagogin su ga ganyayen da ke tsirowa a ciki inda tumaki ba sa kaiwa, su sauko ta inda suka hau. In kuwa mai gardama ce, ko dutsen a jiƙe yake, ya je shi kaɗai. Dutsen ya yi shekara dubbai a wurin, zai jira ta ta kai takwas.

Yanzu kogon. Abin da kike gani in kin rufe ido, duhu da ruwa mai tasowa, ba ƙirƙira kika yi ba. Yana faruwa a kogunan daji, waɗanda masu wasan shiga kogo ke ratsawa da igiya da fitilar goshi, kuma a yankin nan ruwan sama kan cika irin waɗannan cikin ɗan lokaci. Amma kogon da ake sayar da tikitin shiga wani abu ne daban: an shimfiɗa hanya, an sa fitilu, akwai ma'aikata, kuma su da kansu suna lura da ruwa, in ya yi yawa su rufe. Ga biyu sanannu a kusa, kuma ba ɗaya suke ba ga mai ƙananan yara. White Scar Cave, kusa da Ingleton, wanda wani ɗalibi mai suna Christopher Long ya gano a 1923, zagayensa kusan minti 80 ne, tafiyar mil guda, da matakala da wuraren da babba sai ya sunkuya ya yi tafiya a duƙe. Yana da kyau ƙwarai, amma minti 80 a cikin ayari ya yi wa ɗan shekara uku yawa, sunkuyo da goyo kuma wahala ce. Ingleborough Cave, kusa da ƙauyen Clapham, wanda aka buɗe wa masu ziyara tun 1837, shi na fi zaɓa muku: hanyar ciki ta kankare ce, da haske, babu matakala, kuma bai kai wancan tsawo ba. Sai dai kafin a kai bakinsa akwai tafiyar kusan kilomita 2 daga ƙauyen ta cikin kurmi da gefen tafki, da ɗan hawa, ku sa wannan cikin lissafin ƙafar yaron. Ku buga waya da safen ranar ku tabbatar a buɗe yake, ku kuma tambaye su game da keken jariri.

Cikin kogo sanyinsa ɗaya ne duk shekara, wajen digiri 8 zuwa 9, ko da a waje ana rana. Ku masu tafiya jikinku zai ɗumama, autar da ke zaune cikin goyo ita ce za ta fi jin sanyin, a sa mata hula da safa da ƙarin riga. In jakar goyo ta baya ce, irin mai ƙarfe da ke ɗaga yaro sama, a kula: kanta zai iya fin na mai ɗauke da ita tsawo, shi zai sunkuya ya wuce ita ta bugu. A cikin kogo goyon gaba ya fi, ko na baya da aka sauke ƙasa sosai. Kowa ya shiga banɗaki kafin a shiga. Ku faɗa wa yaron tun a gida abin da zai tarar, cewa akwai sanyi, ruwa na ɗiga daga sama, murya tana amsa-kuwwa, akwai duwatsun da ke rataye daga rufi waɗanda ɗigon ruwa ya yi shekara dubbai yana ginawa, ana kallo ba a taɓawa domin maiƙon hannu yana ɓata su. Sannan ku yanke tun a waje wanda zai fito da shi in ya fashe da kuka, don kada a tsaya ana jayayya a cikin duhu gaban mutane. Kuma in kun fito ku juyo ƙauye. Hanyar da ta wuce gaba tana kai wa Gaping Gill, rami mai zurfin mita 98 da rafi ke faɗawa ciki, ba wurin yara ba ne.

Maganar da maigida ya faɗa miki ba ta yi daɗi ba, kuma bai kamata ya faɗe ta haka ba. Uwar da ke lissafin abin da zai iya samun 'ya'yanta aikinta take yi. Amma akwai 'yar gaskiya a ciki da zan so ki ɗauka: yaro fuskar uwarsa yake karantawa kafin ya san ko abu abin tsoro ne. In kika shiga kogon kina matse masa hannu kina salati a firgice, zai fito yana tsoron kogo bai san dalili ba. Saboda haka ki auna kanki da gaskiya. In kin ga za ki iya, ki shiga, kuma ina kyautata zaton minti biyar na farko ne kawai masu wuya. In kin san ƙuntataccen wuri yana toshe miki numfashi, ba laifi ba ne, ki zauna a waje da autar, ki ce musu ke da ita za ku jira su zo su ba ku labari. Ba sai an yi shelar cewa Mama tsoro take ji ba. A wannan hanyar ta kankare babba ɗaya zai iya da yara biyu.

Sauran abubuwan gajeru ne. An kafa gandun a 1954, amma ba daji ba ne mai ƙofar shiga: mafi yawansa gonaki ne da makiyayan mutane, hanyoyin da doka ta ba kowa damar bi ne suka ratsa su. Ƙofar da kuka tarar a rufe ku rufe ta bayanku. Kada yara su bi 'ya'yan tumaki da gudu, kuma ku yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi. In akwai yiwuwar kina da juna biyu, hukumar lafiya ta ƙasar tana gargaɗin masu ciki su nisanci tumakin da ke haihuwa da jariransu. Ɓalle dutse daga shimfiɗar saman nan laifi ne a dokar 1981 mai kare namun daji da karkara, gara maigida ya sani kafin ya yi sha'awar tsaraba. Da dare in kuna yi wa yara wanka ki duba bayan kunne, cikin gashi, hammata da bayan gwiwa saboda kaska. In kin samu, ki kama ta da siririn hantsaki daf da fata ki ja sama a hankali, ba ƙonawa ba shafa mai. In daga baya wani zagayayyen tabo ya fito a wurin, ko zazzaɓi, ku ga likita ku ce kaska ta cije shi, saboda cutar Lyme. A baƙar fata tabon ba lalle ya yi ja ba, yakan yi kama da kwanciyar jini.

Takalmi mai kama ƙasa ga kowa, har ke, ba silifas ba kuma ba mai sulɓin ƙasa ba. Rigar ruwa ko da gari ya waye da rana, da kayan canji cikakku na yaron, don zai jiƙe. Hukumar hasashen yanayi ta Met Office tana fitar da hasashe na musamman na tsaunukan Yorkshire Dales, shi za ku duba, ba na birninku ba. Ku isa da wuri, wurin ajiye motocin Malham yana cika a lokacin hutu, kuma a nan cibiyar baƙi da banɗaki suke. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a kwaruruka, ku sauke taswira tun a gida. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, a kira 999 a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto na tsauni ko na kogo. Ƙungiyar da ke wannan aiki a yankin, Cave Rescue Organisation, a Clapham take, an kafa ta a 1935, kuma 'yan sa-kai ne.

Saura yadda za ki buɗe maganar, don duk abin da na zayyana ba zai yi amfani ba in gaisuwa kawai ke haɗa ku. Ki bari yara su yi barci. Ki fara da taki: kin ce kin mayar masa da wadda ta fi tasa zafi, to ki ba shi haƙuri a kan wannan, ba tare da kin jingina shi da sai shi ma ya ba ki ba. Sannan ki shigo da abin da bai zata ba. Ki ce, Baban yara, na yi tunani, na yarda da kogon, ga ma wanda na ga ya fi dacewa da mu. Mutumin da ya shirya gardama aka zo masa da amincewa, kunnensa a buɗe yake. Daga nan ki nemi naki: a raba zagayen gida biyu, a je gindin dutsen ta ƙasa, shi ya hau sama. Kada ki ce masa tsarinsa haɗari ne, ki nemo hotunan saman da aka ɗauka daf da ƙasa, waɗanda tsagogin suka fito sosai, ki miƙa masa wayar ki tambaye shi yadda za a yi da hannuwa. Gani ya kori ji. In har yanzu yana ja, ku bar hukuncin sai kun isa, ku shiga cibiyar baƙi ku faɗa wa ma'aikatan shekarun yaranku ku ji abin da za su ce. Maza da yawa sun fi saurin karɓar magana daga bakin baƙo mai riga da tambari, ba sai na faɗa miki ba.

Abu ɗaya dai ku yanke shi tun a gida, kada a bar shi sai an je: in aka wayi gari dutse a jiƙe, ko iska na kaɗawa da ƙarfi, babu yaron da zai taka matakalar nan, ko da an biya kuɗin masauki, ko da babbar ta yi kuka. Ranar sai ku juya tsarin, ku kira masu kogon ku ji ko a buɗe suke, ku bar Malham sai washegari. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.